Littafin aikin p75: inda aka kwana a lab ɗinmu na Jos

14 ga Oktoba, 2024

Kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu, don haka aikin bincikena a kan furotin p75 a ƙwaƙwalwar ɓeraye ya tashi daga takarda ya koma benci. A nan zan riƙa rubuta inda aka kwana, saboda 'yan ajinmu da ke yawan tambaya, da kuma ranar da zan zauna haɗa kundi.

A ƙasan ƙwaƙwalwa ta gaba akwai wani gungun ƙwayoyin jijiya da ke samar da asetilkolin, wani sinadari da jijiyoyi ke isar da saƙo da shi, suna aika shi zuwa hifokamfas da ɓawon ƙwaƙwalwa, inda ake riƙe abu a tuna shi. Suna cikin waɗanda cutar Alzaima, mai kawo mantuwa, ke fara ci. Tun 1976 Davies da Maloney suka nuna cewa sinadarin da ke haɗa asetilkolin ya ragu ƙwarai a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da cutar. A 1982 Whitehouse da abokan aikinsa suka ƙirga ƙwayoyin a gurbin Meynert, ɗaya daga wuraren da suke zaune, suka tarar yawancinsu sun tafi. Donefezil da likitoci ke rubuta wa tsofaffinmu a kan wannan aka gina shi. Yana hana a rushe ɗan asetilkolin ɗin da ya rage, amma ba ya hana ƙwayoyin ci gaba da lalacewa.

Su kuwa waɗannan ƙwayoyi sai da ciyarwa. Hifokamfas da ɓawon ƙwaƙwalwa ke samar da wani furotin mai ciyar da jijiya, NGF, bakin jijiyar ya kama shi, a yi jigilarsa baya har jikin ƙwayar. Idan jigilar ta tsaya, ƙwayar ta rame. Makarɓai biyu, wato furotin masu karɓar saƙo, su ne ke kama NGF a jikinta. Na ɗaya TrkA, wanda aka gane aikinsa a 1991, saƙonsa kuma a fili yake: rayu, ki yi girma. Na biyu p75, wanda lab ɗin Moses Chao ya fitar da ƙwayar gadonsa a 1986. Shi ne mai wuyar sha'ani, domin ɗan gidan makarɓan TNF ne, dangin da ke isar da saƙon kumburi da na mutuwar ƙwaya, kuma a wutsiyarsa ta cikin ƙwaya akwai sashen da kan kunna mutuwa.

Aikina shi ne in ɗauki fararen ɓeraye rukuni biyu, matasa da tsofaffi, in gwada ƙarfin tunawarsu, sannan in yanka ƙwaƙwalwar in rina ta, in ga yadda p75 da TrkA suke a yankin seftum, wani mazaunin waɗannan ƙwayoyi, na kowane rukuni. Duka biyun nake so, a kan ɓera guda, a yanka masu maƙwabtaka da juna.

2 ga Nuwamba, 2024

Ashe tsohon ɓera kaya ne mai wuyar samu. Masu kiwon ɓerayen gwaji suna sayar da su tun suna 'yan makonni, ba wanda zai ciyar da ɓera shekara biyu don Allah. Ni kuwa masu wata 20 zuwa 24 nake nema, tun da ɓeran gwaji shekara biyu zuwa uku yake yi a duniya. Daga ƙarshe wani mai kiwo ta wajen Bukuru ya yarda ya ba ni mazan da ya daina haɗawa da mata. Abin da ya sa na amince da shi, yana da littafin da yake rubuta ranar haihuwar kowane keji. In babu wannan littafi, "tsoho" magana ce kawai.

Da aka ji wahalar da nake sha, shawara ta yi ta zuwa, kuma duk iri ɗaya ce: ki sayi matasa, ki ɗura musu sinadarin alminiyam na 'yan makonni, ki ba rabinsu ruwan zogale, ki rubuta cewa zogale na maganin Alzaima, ki gama cikin wata huɗu. Kundaye irin wannan sun cika kantocin sassanmu. Ban raina masu yi ba, kowa da aljihunsa da wa'adinsa. Amma ɓeran da aka sa wa guba, gubar ke damunsa. Ɓera ma ba ya kamuwa da Alzaima irin ta mutum, ko ya tsufa, shi ya sa a kan kundina ba zan rubuta sunan cutar a matsayin abin da na gwada ba. Tsufa nake dubawa, wanda shi ne babban abin da ke share wa cutar hanya.

Na kai wa Farfesa mai duba aikina maganar. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ke dai kin zaɓi doguwar hanya. To, kin karanta aikin Lund?" Yana nufin na 1987 a jami'ar Lund ta Sweden, inda Fischer da Björklund da Gage suka ɗura NGF a ƙwaƙwalwar tsofaffin ɓeraye masu mantuwa, ƙwayoyin da suka motse suka sake cika, tunawar wuri ta ɗan dawo. Na ce na karanta, ranka ya daɗe. Ya ce to in je in ci gaba, amma kuɗin abincin ɓeraye a wuyana.

25 ga Nuwamba, 2024

Antibodi, wato sinadaran da ke manne wa furotin ɗin da ake nema don a iya rina shi, sun iso, ta Legas, ta Abuja, a cikin kula da ƙanƙarar roba. Da na buɗe akwai sauran sanyi, alhamdu lillahi. Kwalba biyu, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba, sun cinye fiye da rabin kuɗin aikin saboda da dala ake saye.

Wanda aka fi sani ga p75 na ɓera shi ne 192-IgG, mai kama ɓangaren makarɓin da ke waje. Shi ake haɗawa da gubar saforin idan ana so a kashe waɗannan ƙwayoyi su kaɗai a bar sauran. Amma ya fi son nama a daskare, mu kuwa na'urar yankanmu ta kakin farafin ce. Sai na zaɓi wanda aka samar a jikin zomo, mai kama wutsiyar ciki. Zaɓin yana da tasiri a kan abin da zan gani: akwai sinadaran da ke datse kan p75 na waje ya faɗa cikin ruwan jiki, sannan gama-sekretes, wanda shi ne dai ke yanko amiloid, furotin ɗin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu Alzaima, ya datse ragowar. Mai rina waje da mai rina ciki za su iya duban ƙwaya guda su ba da labari biyu. Dole in faɗi wanda na yi amfani da shi a duk inda na ambaci sakamako.

Na raba su ƙanana-ƙanana, rabi a firizar lab, rabi a firizar wani sashe mai sola.

19 ga Disamba, 2024

Hunturu ya sauka sosai. Da asuba daga Unguwar Rogo zuwa lab sai da safar hannu.

Na so in yi gwajin tafkin ruwa na Morris, amma sa tsohon ɓera iyo a sanyin Jos na Disamba zalunci ne, kuma sanyin zan auna, ba tunani ba. Na koma akwati mai rassa uku, wanda wani kafinta a Dilimi ya haɗa mini da katako ya shafe da baƙin fenti. Ɓera mai lafiyar tunawa, in ya fito daga reshe ɗaya, ya fi son shiga wanda bai leƙa ba kwanan nan. Minti 8 ake ba kowa, a goge akwatin da sifirit kafin na gaba ya shiga don kada ya bi wari. Matsalar tsofaffin ita ce ƙiba da kasala. Wani zai shiga reshe ya kwanta abinsa. Wanda bai yi yawo ba, ba a ce ya manta ba, saboda haka na rubuta yawan shigar kowa daban, zan kuma ware waɗanda suka ƙi motsi.

An gama cire ƙwaƙwalwa a makon jiya. Allurar barci mai nauyi, a wanke jini da ruwan gishiri ta zuciya, a bi da fomalin mai kashi 4 cikin 100. Ba aikin da nake so ba ne, kuma ban ga ranar da zan saba da shi ba.

Yanka kuwa hannun Baba ne, tsohon ma'aikacin lab ɗinmu, wanda ya fara wannan aiki tun ba a haife ni ba. Kaurin kowane yanki maikuron 5. A wannan busasshiyar iska zaren kakin sai ya riƙa nannaɗewa yana manne wa wuƙa. Baba ya huro masa numfashi a hankali, ya miƙe. Ya ce, "'Yata, rufe taga. Ƙurar nan in ta zauna a gilashi, gobe za ki ƙirga ta ki ce jijiya ce."

16 ga Janairu, 2025

Rini ya kama.

Matakan sanannu ne: a narke kaki, a dafa gilasan a ruwan sitiret mai pH 6 don fomalin ya saki furotin, a kashe sinadarin jikin naman da haidurojin ferokzaid, a ɗora antibodi ya kwana a firij, washegari a fito da launi da sinadarin DAB. Inda p75 yake sai ya yi ruwan ƙasa. A karon farko an ɗauke wuta cikin dare, firij ya huce, gilasan suka fito duk sun yi dauɗa, ba a bambance ƙwaya da bango. Yanzu a kula nake kwantar da su, da ƙanƙara da ma'aunin zafi.

Kafin in yarda da launin sai da na gwada shi ta hanya uku. Gilashin da ban sa wa antibodi na farko ba ya fito fari tas. Babbar jijiyar cinya da aka taɓa datsewa, wadda wani ɗan ajinmu mai aikin raunin jijiya ya ba ni, ta yi ruwan ƙasa sosai, kamar yadda ya kamata, domin ƙwayoyin Schwann, masu lulluɓe jijiya, kan tara p75 bayan rauni. Na ukun ya fi burge ni, don a cikin yanki guda yake. Sitirayatum, maƙwabcin seftum, shi ma yana da ƙwayoyin asetilkolin, amma a babban ɓera TrkA suke ɗauke da shi, kusan babu p75. A madubi kuwa haka na gani: seftum cike da manyan ƙwayoyi masu ruwan ƙasa da rassansu, ka matsa gefe kaɗan, sitirayatum shiru.

Na kira Baba ya leƙa. Muna cikin hira na ba shi labarin yadda aka samo NGF. Rita Levi-Montalcini, 'yar Turin ta Italiya, wadda dokokin wariyar Yahudawa suka kora daga jami'a har ta koma gwaji da ƙwan kaji a ɗakin kwananta, ita ta fara ganin alamarsa a Amurka a farkon shekarun 1950. Stanley Cohen ya zo yana tace shi, ya zuba dafin maciji don ya narkar da wasu abubuwan da ke gauraye, sai jijiyoyi suka yi tsiro fiye da da. Dafin kansa cike yake da NGF. Daga nan aka bi sawu har aka same shi jingim a inda yawu ke fitowa ƙarƙashin haɓar namijin ƙaramin ɓera. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 1986. Baba mutumin Langtang ne, inda kububuwa ke sarar manoma duk damina. Ya girgiza kai ya ce, "Wato abin da ke kashe mu a gona, a cikinsa aka tsinci abincin jijiya? Ikon Allah."

8 ga Fabrairu, 2025

Na gabatar da rahoton tsakiya a taron sashe. Wani likitan ƙwaƙwalwa da aka gayyato ya yi tambayar da ta cinye rabin lokacin: "Malama, p75 ɗin nan naki, mugu ne ko na kirki? In mugu ne mu toshe shi, in na kirki ne mu ƙara shi."

Na ce masa, ranka ya daɗe, dillali ne irin na kasuwar Farin Gada, wanda ya riƙe shi a ranar shi yake yi wa ciniki. In yana tare da TrkA, yana ƙara masa ƙarfin kama NGF, ƙwaya ta samu abinci ko da kaɗan ne a wurin. In TrkA ya ja baya, labari ya sauya. NGF ba a gama shi ake fitar da shi ba, da farko dogo ne, proNGF, sai an datse shi. A 2001 lab ɗin Barbara Hempstead a New York ya nuna cewa wannan ɗanyen ya fi son p75, kuma yana iya sa ƙwaya ta kashe kanta. A 2004 Nykjaer da abokansa suka gano na ukunsu, wani furotin mai suna sotilin, wanda sai da shi cinikin mutuwar ke faɗawa. A 2001 ɗin dai Margaret Fahnestock a Kanada ta nuna cewa ɗanyen ne ya fi yawa a ƙwaƙwalwar mutum, kuma yana ƙaruwa a masu Alzaima. Aikin Mufson da Counts a kan ƙwaƙwalwar mamata ya ƙara da cewa TrkA na raguwa tun cutar na farko-farko, p75 kuwa yana nan kusan yadda yake. Ga kuma amiloid, wanda tun 1997 aka nuna yana kama p75 kai tsaye. Wato ba sai p75 ya ƙaru ba kafin ya yi ɓarna. Ya isa abokin kirkin ya ragu, ɗanyen NGF ya taru.

Wannan ne dalilin da ya sa na nace a kan antibodi biyu duk da tsada. Hoton p75 shi kaɗai, komai kyansa, ba zai gaya wa kowa ko ƙwayar tana ci ne ko tana mutuwa ba.

Likitan ya ce to me ya hana a ba marasa lafiya NGF kawai? An gwada. A Stockholm an ɗura shi cikin ruwan ƙwaƙwalwar mutum uku, rahoton ya fito a 1998, ciwon baya mai tsanani da rama suka sa aka tsaya, domin NGF ɗin nan shi ne kuma ke tsananta jin zafi a jiki. A Amurka aka sa ƙwayar gadonsa cikin wani bairos marar cutarwa aka yi allurarsa a gurbin Meynert. Gwajin mutum 49 ne, sakamakon 2018 bai nuna amfani ba, da aka duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu daga baya kuma aka tarar maganin bai kai ga yawancin ƙwayoyin da aka nufa ba.

Hanyar da ta fi jan hankalina ita ce ta Frank Longo na Stanford da Stephen Massa. Maganinsu, LM11A-31, na sha ne, kuma bai toshe p75 ba, karkata shi yake yi daga saƙon mutuwa zuwa na rayuwa. An gwada shi a ƙasashe biyar na Turai, mutum 242 masu cutar a matakin farko da na tsakiya, na mako 26, aka buga sakamakon a 2024. Abin da aka shirya gwajin ya amsa shi ne ko maganin na da illa, kuma ya tsallake wannan. Hoton ƙwaƙwalwa da wasu alamomi a ruwan laka sun nuna lalacewar ta ɗan lafa. A gwajin tunani kuwa ba a ga bambancin da za a kafa hujja da shi ba tsakanin masu shan maganin da masu shan ƙwayar da ba komai a cikinta. Na faɗi wannan ƙarshen da ƙarfi, don na ga wasu sun fara rubuta sunan maganin a takarda.

12 ga Maris, 2025

Azumi, ga zafi ya fara. Ƙirga nake yi daga safe zuwa azahar, bayan nan ido ba ya ba da gaskiya.

Baba ya rufe lambar kowane gilashi da tef ya sa tasa, takardar makullin tana aljihunsa. Ban san na tsoho ba, ban san na yaro ba, sai an gama. Hotunan da kyamarar madubi nake ɗauka, in auna da ImageJ, manhajar kyauta.

Abu biyu ke iya yaudarar mai ƙirga a nan. Ƙwayar ta fi yankin kauri nesa ba kusa ba, don haka ƙwaya guda kan fito a yanka da dama a jere. Ina tsallake yanka da tazara ɗaya a kowane ɓera, ina ƙirga mai cibiya a fili kaɗai. Amma ƙwayar da ta motse a yanka kaɗan za ta bayyana, sai a ga kamar an rasa ƙwayoyi alhali ramewa suka yi. Gyaran lissafin Abercrombie na 1946 na rage wannan, shi ya sa nake auna faɗin cibiya tare da ƙirga. Na biyu, ƙwayar da ba ta ɗauki rini ba, ba lallai ta mutu ba. A 1986 Hefti ya nuna NGF na ceton ƙwayoyin seftum bayan an datse hanyarsu zuwa hifokamfas, a 1988 kuma masu bincike a San Diego suka jinkirta ba da shi har sai da ƙwayoyin suka ɓace daga rini, da aka ba su sai ga da yawansu sun dawo. Suna nan, shiru kawai suka yi. Don haka a kundina "ƙwayoyin da suka ɗauki rini" zan rubuta, kuma ina rina yanki na kusa da kiresil bayolet don in ga jikin ƙwayoyin ko da ba makarɓi.

Rinin TrkA bai kai na p75 fitowa ba, dishi-dishi yake. Na ƙara lokacin dafawa, ya ɗan gyaru.

9 ga Afrilu, 2025

An dawo daga hutun Sallah. A gidan gwaggona da ke Gangare aka tsare ni da tambaya, don surukarta ta kai shekara biyu tana kiran jikoki da sunan 'yan'uwanta da suka rasu, kwanan nan kuma ta fara fita da dare wai za ta gida. Mutanen gida gigin tsufa suke cewa, wata maƙwabciya ta ce sammu ne. Gwaggo ta ce, "Ke da kike ta yankan kan ɓera, ba ki samo mana komai ba?" Na ce, Gwaggo, nawa aikin bai kai nan ba, amma a kai Iya asibitin koyarwa a duba ta. Hawan jini, ciwon suga, ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, har wasu magungunan da tsofaffi ke sha, duk suna iya kawo ruɗewa ko su ƙara ta, kuma waɗannan ana iya yi musu wani abu. An sa ranar zuwa.

Hirar ta sa na sake rubuta babin farko. Da na cika shi da alƙaluman duniya, mutum sama da miliyan 55 in ji Hukumar Lafiya ta Duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Yanzu na sa namu a gaba. A nan Jos, binciken Ochayi da Thacher na 2006 ya tantance tsofaffi 280 ya samu alamun cutar mantuwa a kashi 6.4 cikin 100, ta fi yawa a mata da masu rama. Aikin Ibadan da Indiyanafolis, wanda aka fara a 1992, ya nuna a 2001 cewa a kowace shekara kashi 1.35 na tsofaffin Yarabawan Ibadan ke kamuwa, baƙaƙen fatar Indiyanafolis kuwa kashi 3.24, kuma ƙwayar gadon APOE4 da ke ƙara haɗarin cutar sosai a Turawa ba ta nuna irin wannan ƙarfi a Ibadan ba. Abin da aka auna a wata ƙasa ba a kwafo shi a manna mana.

Farfesa ya kawo shawarar abin da zai biyo baya. Kan p75 da ake datsewa yana fita a fitsari, kuma masu bincike a Jami'ar Flinders ta Ostireliya sun nuna a 2017 cewa yana ƙaruwa yayin da cutar ALS, mai kashe jijiyoyin motsi, ke ci gaba. Fitsari ya fi ruwan laka sauƙin samu a wurinmu, ba tsohon da zai ƙi bayarwa. Na ce masa wannan sakamako na ALS ne, mai son ɗora shi a kan mantuwa sai ya yi nasa aikin daga tushe, da sabon izini da sabon kuɗi. Ya ce ai digiri na uku yake nufi. Na ce bari in ga bayan wannan tukuna.

Ƙirgar p75 ta kammala. Ta TrkA ta rage kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma antibodin ya kusa ƙarewa, don haka gilasan da suka yi dishi-dishi ba duka zan iya maimaitawa ba, zan zaɓi waɗanda suka fi muni in bar sauran da bayani. Wata 'yar ajinmu ta yarda ta sake ƙirga wani kaso ba tare da ta ga nawa ba, mu gwada ko idonmu ya zo ɗaya. Baba ya ce ba zai fito da takardar makulli ba sai ya ga teburin ƙirga an buga shi, Farfesa ya sa hannu a kai. Mun tsayar da makon farko na Mayu.